Karen da Ba na Alkasum Ba

A shekarun da Nasara suka gama kafa barikinsu a Damagaram, har mutane suka daina fitowa kallon su, akwai wani mutum a Birni da ake kira Alkasum mai bagaruwa. Sana'arsa ke nan, ba shi da wata. Majema ba sa jimar fata sai da bagaruwa, ita kuwa bagaruwa ba ta zuwa gari da ƙafarta, to Alkasum ne ƙafarta. Da an sallame asuba sai ya rataya taiki, babbar jakarsa ta fata, da gorar ruwa, ya ɗauki maƙata, doguwar sandar nan mai ƙugiya da ake girgiza reshe da ita, ya fita ta ƙofar kudu. Ba a sake ganinsa sai rana ta yi ja, ya shigo a sunkuye, taiki cike a bayansa.

Dogo ne siriri, diddigensa duk faso, kuma ba ya son abokin tafiya. In wani ya ce zai bi shi, sai ya ce abokin tafiya ba abin da yake kawowa sai yawan magana da yawan shan ruwa. Shi kaɗai yake tafiyarsa, in ji shi. Duk Birni kuwa an san ƙarya yake yi, ko da yake shi bai san ƙarya ba ce, domin taku bakwai a bayansa kullum akwai wani baƙin kare mai kunne ɗaya a karye, wanda unguwa ta raɗa wa suna Duna.

Ga yadda suka haɗu. A shekarar yunwar Kakalaba, lokacin da mutum ma bai samu abin sawa a baki ba balle dabba, Alkasum ya ji kukan kwikwiyo a cikin wata busasshiyar rijiya a hanyar Guna. Shi Alkasum kuwa ɗan ladanin masallaci ne. A gidan da ya tashi, ko sunan kare ba a faɗa in an zauna cin tuwo, kuma ubansa ya hore shi tun yana ƙarami cewa hannun da kare ya lasa sai an wanke shi sau bakwai. Ya leƙa rijiyar, ya wuce abinsa. Ya yi taku kamar ɗari, sai ga shi ya dawo yana ta faɗa shi kaɗai. Ya ɗaura taiki a bakin maƙata ya zura, ya yi ta lallashi har kwikwiyon ya shiga, ya jawo shi, ya zazzage shi a kan rairayi yadda yake zazzage bagaruwa, bai taɓa shi ba ko da ɗan yatsa. Ya ce masa, "To, na fid da kai. Kama gabanka." Kwikwiyon ya karkaɗe jiki ya bi shi har ƙofar gida.

Shekara tara ke nan, kuma a shekara taran nan Alkasum bai taɓa kiran sa da suna ba, sai dai "kai". Bai taɓa barin sa ya shiga zaure ba. Duk wanda ya ce masa karenka, sai ya tsaya cak ya gyara masa magana: "Ba karena ba ne. Hanya ce ta haɗa mu." Amma a cikin taikinsa akwai wata sakaina, ɓarin tsohuwar ƙwarya, da yake zuba wa Duna ruwa a ciki, ya ture ta da sanda, ya kau da kai kamar ba shi ya zuba ba. Matarsa Hajara kuwa kullum da yamma sai ta kankare ƙanzon tukunya ta ajiye a gindin danga, shi kuma ya tambaye ta na mene ne, ta ce na kaji ne. Tun Kakalaba babu kaza ko ɗaya a gidan. Su biyun duk sun sani, kuma ba wanda ya taɓa tona wani.

Mutumin nan da ya ce ba ya son yawan magana, da ya bar ganuwa a baya sai bakinsa ya buɗe. Ya ba Duna labarin majemin da ke raina masa kaya, da ciwon gwiwarsa, da yadda gari yake kafin Nasara. Ranar da aka kai 'yarsu tilo gidan miji can Kance, a gida bai ce uffan ba, har mata suna cewa zuciyarsa dutse ce. Washegari ya zauna a gindin wata kuka ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe, Duna ne kaɗai ya gani.

Ana nan cikin wata bazara, sai wani mahaukacin kare ya ciji mai dafa wa wani Bature abinci a bariki. Lokotoron Nasara, wato likitansu, ya ce abin zai yaɗu. Sankira ya zaga gari yana shela: duk karen da ke da mai shi, a ɗaura masa fata a wuya, mai shi ya kawo shi gaban gardi, ɗan sandan Nasara mai tsaron ƙofar gari, ya faɗa da bakinsa cewa nasa ne. Bayan kwana uku, duk wanda aka gani wuyansa ba komai, za a kashe shi.

Hajara ta bari ya gama cin tuwo sannan ta ce, "Malam, ɗan guntun fata ne fa. Ga dukawa nan a bayan gidanmu."

Ya ce, "In ɗaura da wane hannu? Sa'an nan in tsaya a ƙofar gari, jama'ar masallaci suna zaune, in ce ni ɗan ladan ina kiwon kare?"

"To na wa ne?"

"Na Allah ne."

"Ba wannan amsar gardi yake nema ba, Malam."

Kwana biyu yana juya abin a ransa, abinci ma ya rage ci. A na ukun ya sami dabarar da ya ga ta yi masa kyau. Ƙanwarsa Jummai tana aure a wata 'yar tunga kafin a kai Guna, mijinta Ari manomi ne, birai kuma sun dame shi a gona. Can babu gardi, babu sankira. Zai kai Duna ya bar shi, ran kare ya tsira, shi ma bakinsa ya tsira. Ya fita da sauri don kada ya haɗu da kowa a hanya, garin saurin nan kuwa ya manta sakaina a gindin danga.

Suka bi ta tsakanin manyan duwatsun bayan gari, suka sauka kan rairayi. Gonaki duk an share, sai kututturen gero, ana jiran ruwan farko. Yau Alkasum bai ce komai ba. Duna ya ji shirun ya yi yawa, ya riƙa matsowa yana rage takun nan bakwai, sai an ce masa "kai" ya koma. Duna ma ya tsufa. Bakinsa ya yi furfura, haƙoransa sun cinye, gudun da yake yi da can bayan kurege yanzu sai dai ya bi shi da ido.

Da hantsi ya dubi ludayi suka isa rijiyar da suka saba cika gora, suka tarar ta kafe, sai taɓo a ƙasa. Alkasum ya girgiza gorar ya ji saura kaɗan, ya ce ba komai, tunga ba nisa. Suka ratsa ta cikin kurmin bagaruwa don su yanke hanya. A nan ne ya ji ƙarar da bai saba ji ba. Ya waiwaya, ya ga Duna tsaye da ƙafa uku, ta huɗun a ɗage tana rawa.

Ƙaya ce, irin farar doguwar nan ta bagaruwa, ta shige tsakanin yatsu ta karye a ciki. Da can Duna da kansa yake cire ta da haƙori. Yanzu ya kwanta ya yi ta ƙoƙari, dasashi kawai yake gogawa. Alkasum ya tsaya a kansa yana ba shi umarni. "Cire mana. Ta gefe za ka kama." Ya gwada da bakin maƙata, karen ya yi ƙara. Ya sami tsinke biyu ya gwada, suka karye. Rana tana ta hawa, inuwar bagaruwa kuwa ba ta da kauri.

Duk matafiyin ƙasa a wajen nan yana da hantsakin cire ƙaya. Na Alkasum yana rataye a wuyansa da wata jar igiyar fata da wani majemi ya ba shi tun yana saurayi. Ya duba gabas, ya duba yamma, ba kowa sai wata kurciya. Ya durƙusa, ya yi bismilla, ya kama ƙafar. Abin da ya ba shi mamaki shi ne rashin nauyinta, da ɗuminta, da faso da ke tafin irin na diddigensa sak. Ya sa hantsaki ya lalubo kan ƙayar, ya zare ta a hankali, jini ya biyo. Kafin ya janye hannu, Duna ya miƙo harshe ya lashe shi tun daga yatsu har wuyan hannu.

Alkasum ya miƙe yana riƙe da hannun can nesa da rigarsa. Sau bakwai, haka ubansa ya ce, ga azahar kuma ta kusa. Ya buɗe gora ya tsiyaya na farko, ruwan ya zuba a rairayi. Sai ya ga Duna ya ja ciki ya zo yana lasar jiƙaƙƙen rairayin, harshensa duk ƙasa. Ya laluba taiki neman sakaina, babu. Ya sake girgiza gorar. Abin da ya rage ba zai yi wanki shida ba kuma ya shayar da kare, ɗaya za a zaɓa.

Tausayi ya kama shi, da kunyar ubansa da ke kabari, da haushin kansa, duk a lokaci ɗaya. Daga baya ya tsuguna, ya lanƙwasa tafin hannun nan da aka riga aka lasa, ya zuba ruwa a ciki. Duna ya sha. Ya ƙara, ya sha, har gora ta ƙare. Da azahar ta yi, Alkasum ya goge hannu da rairayi, ya yi taimama a kan wani falalen dutse, ya yi sallarsa. Da ya sallame ya ce, "Allah, kai ka ga yadda aka yi."

Sun isa tunga a hankali, kare yana ɗingishi. Ari yana gyaran rumbu, Babarbare ne mai son tsokana, ya sauko yana dariya. "Yaya, tsoho irinka ka kawo mini? Wannan ai birai za su zauna su yi hira da shi." Amma da ya ji labarin shela, ya ce a bar shi, gida ne. Ya kawo igiyar kaba ya ɗaure Duna a turken akuya. Alkasum ya ce wa Jummai ta kawo ruwa, ya wanke hannu yana ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya har bakwai, don kowa ya shaida.

Jummai ta dama masa fura. Yana sha ta ce, "Yaya, me yake ci?"

Ya ce, "Ina zan sani? Kome kare ke ci." Ya kurɓi fura. "Sai dai kada ki ba shi da zafi, ki bari ya huce. Ƙashi kuma ba ya iyawa yanzu, ki jiƙa masa ƙanzo. In hadari ya taso yana tsoron tsawa, ku bar shi ya raɓe a ƙarƙashin rumbu. Kunnen nan karyayye ƙuda na damun sa da damina, 'yar toka ake watsa masa daga nesa. In ya ƙi ci, kada ku yi masa tsawa, ku kau da kai kawai, ba ya son a kalle shi yana ci."

Jummai ta dubi mijinta, ta dubi yayanta. "Karen da ba naka ba ne ka sani haka, Yaya? Ni da muke ciki ɗaya ba ka san abin da nake tsoro ba."

Ya ajiye ludayi ya ce rana tana tafiya. Ta cika masa gora, ya ɗauki maƙata, ya fita bai waiwaya ba. Duna bai yi haushi ba. Ya dai miƙe ya tako har inda igiya ta ƙare, ya tsaya.

Tafiyar ta yi sauƙi, ba mai ɗingishi a baya, ba wanda za a jira. Alkasum ya ce wa kansa ai ga shi an rabu lafiya, kowa ya huta. Ya wuce gonar farko, ya wuce ta biyu. Can gabas ya hango gajimare ya fara haɗuwa, na farko a shekarar, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Kai, ka ga abin da nake gaya maka? Bana da wuri za a..." Ya waiwaya. Sawunsa ne kaɗai a kan rairayi, layi ɗaya.

Ya ci gaba, ya iso wata inuwar gawo ya tsaya, ya kwance gora, hannunsa ya shiga taiki yana lalube. Sai a nan ya tambayi kansa me ya tsayar da shi, shi da ba ya jin ƙishirwa kuma bai gaji ba. Shekaru ke nan yana tsayawa a inuwar nan, yana cewa gwiwarsa ce, ashe ba don gwiwar ba ne. Ya dubi hannunsa. Ya wanku tas, sau bakwai a gaban shaidu, amma har yanzu yana jin ɗumin harshen. Ya tuna kuma hadarin can in ya iso, tsawa za a yi, Ari kuwa mantuwa gare shi. Kewa ta taso masa, irin wadda ya ji ranar da aka tafi da 'yarsa, sai dai wannan karon ba wanda ya ɗauke masa, shi ya kai da ƙafarsa.

Ari yana kan rumbu ya ga surukinsa ya dawo, ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi fuskarsa, ya fasa. Alkasum ya wuce kai tsaye zuwa turke. Ya kwance igiyar kaba da hannunsa. Ya cire jar igiyar da ke wuyansa, ya zare hantsakin ya sa a aljihu, ya ɗaura ta a wuyan Duna, ya zura yatsa biyu ya ji ko ta matse. Ƙafar ta kumbura, ba za ta kai Birni ba. Sai ya buɗe bakin taiki a ƙasa. Duna ya shinshina, ya shiga, kamar ya tuna. Ari ya taimaka ya ɗora masa a baya, ya ce, "Allah ya kai ku lafiya, Yaya."

Kare ya fi bagaruwa nauyi, kuma bagaruwa ba ta numfashi a bayan mutum. Alkasum ya yi la'asar a hanya, ya huta sau uku, yana tafe yana mita. Ya gaya wa Duna cewa shi ba jaki ba ne, kuma ƙanzon Hajara ne ya sa shi ƙiba haka. Duna ya yi barcinsa a ciki.

Rana ta kusa faɗuwa suka iso ƙofar kudu. Dattawan unguwa suna zaune a dakalin masallacin bakin ƙofa suna jiran magariba, liman a tsakiyarsu. Gardi yana tsaye da jar hularsa da bindiga. Ya saba ganin tsohon nan kullum, ya ce, "Sannu Baba. Yau bagaruwa ta yi nauyi. Wuce."

Alkasum ya wuce. Taku ɗaya, biyu, uku, ba wanda ya san abin da ke bayansa. Zai iya kai shi gida haka, ya ɓoye a bayan danga, gobe kuma a ga abin da Allah zai yi. Amma goben ce ranar da aka ɗiba, kuma fata a wuya ba ta isa ba sai da baki. Ya tsaya. Ya juyo, ya sauke taiki a tsakiyar hanya, ya buɗe. Baƙin kai mai karyayyen kunne ya leƙo, da jar igiya a wuya.

Gardi ya ja da baya. "Na wa ne wannan?"

Alkasum ya dubi dakalin masallaci. Ya ce wani abu can ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba, Baba. Da ƙarfi aka ce a faɗa."

Tazbaha ta tsaya a hannun dattawa. Alkasum ya ɗora tafinsa a kan Duna, a gaban kowa, ya ce, "Nawa ne. Karena ne. Duna sunansa."

Gardi ya ce to, shi ke nan, a wuce da shi. Alkasum ya tsaya yana jiran abin da zai fito daga dakali, ya shirya wa dariya, ya shirya wa faɗa. Liman ya gyara rawani ya ce, "Malam Alkasum, mu shekara tara ke nan da sani, kai muke jira. Kai shi gida ka wanke hannu, za a ta da salla."

A gida Hajara ta dube su su biyu. Ta shiga ɗaki ta ɗaga wata tukunya, ta fito da sabon ɗaurin wuya na fata, ɗinkin dukawa, wanda ta sa aka yi tun ranar da sankira ya wuce. Ta ga jar igiyar, ta gane ta, ta mayar da nata ƙarƙashin tukunya. Ta ɗauki ƙanzo za ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Na kaji ne, Malam." Ya ce, "Ki jiƙa musu, ba su da haƙori."

Duna ya ƙara damina biyu. Bai taɓa shiga zaure ba, Alkasum kuma bai daina wankin hannu sau bakwai ba, abin da ya sauya shi ne ya fara ɗaukar gora biyu, kuma takun nan bakwai ya ɓace, gefe da gefe suke fita ta ƙofar kudu. Da karen ya mutu, ya goya shi a taiki ya kai shi kurmin bagaruwa, ya haƙa rami mai zurfi don kada kura ta tone, ya binne shi da jar igiyarsa.

Ya yi shekara shida bayan haka yana sana'arsa, kuma a lokacin ne maganarsa ta da ta zama gaskiya, shi kaɗai yake tafiya. Wata rana Hajara tana zazzage taiki sai sakaina ta faɗo. Ta ce, "Malam, wannan fa, har yanzu?" Ya karɓa ya goge ta da bakin riga ya mayar. Ya ce ya saba ne, in babu ita taikin ba ya zama daidai a kafaɗa.